Manhajar lissafi a waya: ta cancanci ɗan kwangila ya kashe mata kuɗi?

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa a filin tambaya da amsa. Wannan karon saƙonnin da suka shigo kusan duk wuri ɗaya suka dosa, maganar manhajojin nan na rubuta lissafin sana'a a waya, kuma yawancin masu tambayar mutane ne masu cin gashin kansu, ba ofis, ba sakatare, ba akanta, daga su sai waya da jakar kayan aiki. Na tsamo guda biyar, wasu na ɗan rage musu tsawo, a yi min afuwa.

TAMBAYA: Salam Malam, ya aiki. Ni mai wayarin ne, aikin kaina nake karɓa, wani lokacin gida sukutum wani lokacin ɗan gyara, ina da yara biyu da nake tafiya da su. Wani abokina ya dame ni wai sai na sauke manhajar lissafi, yace shi ita ke masa komai, da na duba sai naga akwai ta kyauta akwai wadda ake biya duk wata. Ni dai littafi gare ni kuma gaskiya ba kullum nake rubutawa ba, wani sa'in sai a yi sati biyu ban buɗe shi ba. To in biya kuɗin ne ko dai ɓarnar kuɗi ce? Daga Malam S.

AMSA: Wa alaikumus salam Malam S. Kafin mu kai ga maganar biya, bari in riƙe ka da kalmarka, ka ce sai ka yi sati biyu ba ka buɗe littafi ba. To nan gizo ke saƙar. Manhaja ba ta bin ka shagon kayan wuta ta ga ka sayi nadin waya biyu da soket goma, ba ta nan lokacin da ka zaro kuɗi a aljihu ka miƙa wa yaronka na mota, kai ne za ka buɗe ta ka shigar, in ba ka shigar ba haka za ta zauna fayau kamar littafin naka, bambancin kawai shi littafin ba ya cire maka kuɗi ƙarshen wata. Abokinka da yace ita ke masa komai, in ka bincika za ka tarar mutum ne da dama can yana rubutu, manhajar ta zo ta rage masa wahala ne.

Amma kar ka ji na faɗi haka ka ɗauka ba ta da amfani. Tana da shi sosai, kuma akwai wurare uku da littafi ko kusa bai kama ƙafarta ba ga mai irin aikinka.

Na farko takardar neman biya, wadda ake ce wa inbois. Ka gama aiki da yamma, kana tsaye a bakin ƙofa hannunka duk ƙura, ka danna ka fitar da takarda mai sunanka da lamba da kwanan wata da jerin abin da aka yi da abin da aka biya da cikon da ya rage, ka tura wa mai gida ta WhatsApp kafin ka hau abin hawanka. Wannan kaɗai yana canza yadda mutum ke kallonka. Wanda aka gaya wa da baki “saura kaza” gobe zai iya cewa ai ba haka muka yi ba, amma wanda takarda ke cikin wayarsa, musun sai ya yi masa nauyi. Haka ma takardar ƙiyasi kafin a fara aiki, in mai aiki ya amince da ita, yawancin manhajojin danna ɗaya suke mayar da ita ta neman biya, ba sai ka sake rubutawa ba.

Na biyu bashi. Wa kake bi, nawa ne, tun yaushe. A littafi sai ka yi ta juya shafi kana neman inda ka rubuta, a manhaja jerin su ne zai fito maka daga wanda ya fi daɗewa, wannan kwana 30, wannan 60, wannan ya haura 90, wasu ma suna tura wa mutum tuni da kansu, kaga kai ka huta da jin nauyin kira. Kuma ɗan kwangila ba rashin aiki ke karya shi ba yawanci, cikon da ke hannun mutane ne, kaɗan nan kaɗan can, ka tara ka ga ya kai kuɗin aiki guda.

Na uku rasit. Wannan kam na gani da idona. Akwai wani mai walda da ya taɓa kawo min leda cike da rasit na kusan shekara, yana so in haɗa masa lissafi don wani kamfani da ya yi wa ƙofofi ya ce sai ya kawo shaidar kayan da ya saya. Muka zazzage a tebur, wallahi kusan rabi sun koma farar takarda, sai ɗan inuwar rubutu, yana ɗaga su wajen taga yana ƙanƙance ido ko zai gane adadi. Ba laifinsa ba ne, irin takardar nan mai santsi da injin kanti ke fitarwa ba tawada a jikinta, wani sinadari ne aka shafa mata da zafi ke mayarwa baƙi, shi ya sa rana da zafin aljihu da zama a gaban mota suke goge ta cikin 'yan watanni. Da ya ɗauki hotonsu ranar da aka ba shi da ba a yi wannan zaman ba. Manhajoji da yawa yanzu in ka ɗauki hoton rasit suna karanta adadin da kwanan watan da kansu, duk da suna kuskure in rubutun hannu ne ko takardar ta cukurkuɗe, sai ka duba da idonka.

To ga shawarata. Kar ka biya ko sisi yanzu. Ɗauki wata ɗaya cur, da littafin nan naka ko da manhaja ta kyauta, duk dare kafin ka kwanta ka ba shi minti biyar, abin da ya shiga, abin da ya fita, na wane aiki ne. In ka kai ƙarshen wata ba ka yi fashi fiye da kwana uku ko huɗu ba, to kai mai biyan kuɗin manhaja ne kuma za ka ci moriyarta. In kuwa a sati na biyu abin ya watse, to kuɗin ka riƙe abinka, matsalar ba ta kayan aiki ba ce tukuna. Sannan in lokacin biyan ya zo ga awo mai sauƙi, ka haɗa kuɗinta na wata 12 wuri ɗaya, ka kwatanta da ciko guda ɗaya da ka taɓa mantawa a hannun wani, ko rasit guda da ya ɓata aka ƙi biyanka. In abin da ka rasa ya fi, ka san amsa.

TAMBAYA: Malam barka da ƙoƙari. Tayil nake sakawa kuma jinga nake karɓa har da sayen kaya. Abin da ke ɗaure min kai shi ne aiki ba ya yanke min, alat na shigowa, amma ƙarshen wata sai in ga ba komai, har sai na jira kuɗin sabon aiki kafin in ƙarasa tsohon. Manhaja za ta iya nuna min inda kuɗin ke zurarewa? Daga A. M.

AMSA: Ɗan'uwa wannan tambayar taka ita ce ta fi kowacce muhimmanci a yau, don ciwon da ka faɗa shi ne ciwon 'yan kwangila a ko'ina, manya da ƙanana, cin kuɗin sabon aiki don a rufe ramin tsoho. Eh manhaja za ta iya nuna maka, amma da sharaɗi, sai wadda ke bari ka ware kowane aiki da aljihunsa, wato duk abin da ka shigar ka liƙa masa sunan aikin. Ka lura da kyau, wannan tsarin a manhajoji da yawa ba ya cikin na kyauta ko mafi araha, sai ka hau mataki na gaba, to ka tabbatar yana ciki kafin ka biya, don wadda ba ta da shi jimillar wata kawai za ta ba ka, ta ce ka samu kaza ka kashe kaza, wannan kuwa ba zai gaya maka wane aiki ne ya ci wani ba.

Bari mu buga misali da 100, ko dubu ce ko miliyan duk ɗaya. An yi jinga a kan 100, aka ba ka kafin alƙalami 60. Ranar da alat ɗin 60 ya shigo zuciya sai ta ce an samu kuɗi, alhali ba naka ba ne tukuna, amana ce a hannunka, kowa ya ci ladan kuturu ai sai ya yi masa aski. A ƙa'idar lissafi ma kafin alƙalami bashi ne a kanka har sai ka yi aikin. Ka sayi tayil da siminti da gam na 52, kai a ranka ka ƙiyasta kuɗin yara 20, saura 28 riba, ka ji daɗi. Sai aiki ya fara. Dakon kaya da saukewa 3. Kwali biyu suka zo a fashe, ka ƙaro, 2. Dutsen yanka ya cinye, 1. Ƙasan ba daidai take ba, sai da aka ƙara kwana biyu ana gyara, kuɗin yara ya tashi daga 20 zuwa 25. Zirga-zirgarka ta kwana tara, 3. Mai gida ya leƙo yace don Allah a ɗan haɗa da matakalar nan tunda kuna nan, ka ji kunya ka yi, kaya da lokaci 4, ba a rubuta ba balle a biya. Haɗa ka gani, 90 ta tafi, ribar 28 ta koma 10, kuma a cikin goman nan ba ka cire ladan hannunka na kwana tara ba. Sai kuma mai gida ya riƙe 10 yace sai ya ga yadda aikin ya zauna, wanda a manyan kwangilolin gini ma abu ne sananne a riƙe kashi 5 zuwa 10 cikin 100 har wani lokaci. To ina ribar? Tana hannun mai gida. Kai kuma tun ranar farko ka taɓa 60 ɗin nan ka yi hidimar gida da ita bisa lissafin 28. Wannan shi ne lissafin dokin Rano, kuma shi ya sa kake jiran sabon aiki.

Babu ɗaya cikin ƙananan kuɗin nan da za ka tuna bayan wata guda, shi ya sa waya ta fi littafi a nan, tana aljihunka lokacin da kake biyan mai dako, sakan goma ka shigar. In ka yi haka a aiki biyar ko shida za ka fara ganin abin mamaki, wataƙila manyan ayyukan da kake alfahari da su su ne masu cinye ka, ƙananan na kwana biyu su ne ke riƙe da kai, ko ka gane duk aikin da kai ke sayen kaya ribarsa ta fi ƙanƙanta a kan wanda aka saya aka ba ka. Daga nan ƙiyasinka na gaba zai gyaru, don za ka sa dako da fashewa da zirga-zirga tun farko.

Abu biyu kuma da manhaja ba za ta yi maka ba sai kai. Ka raba asusun aiki da na gida, ko da asusu na biyu ne kawai ka buɗe da sunanka, duk kuɗin aiki ya shiga can, kai kuma ka yanka wa kanka albashi kana turawa, don in komai na cikin tukunya ɗaya ko wace manhaja ka kawo shirme za ta nuna maka. Sannan duk ƙarin aiki, irin matakalar can, kafin ka ɗora hannu ka tura saƙo a rubuce, “ƙarin kaza, kuɗinsa kaza”, ya amsa da to. Ba rashin kunya ba ne, shi ma ka hutar da shi rigimar gaba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni mace ce, kwangilar ɗinkin labule da kayan ofis nake yi. Shekara biyu ina amfani da wata manhaja ta kyauta kuma ina jin daɗinta, amma kwanaki wayata ta faɗa ruwa, kwana uku ban yi barcin kirki ba don duk sunayen masu bashina suna ciki. Allah Ya taimake ni mai gyara ya tada ta. Yanzu tsoro nake ji, in koma littafi ne? Kuma su masu manhajar ba sa ganin sirrina? Daga Hajiya R.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah Ya kiyaye gaba. Ba sai kin koma littafi ba, shi ma ai ruwa na cin sa, wuta na ci, yaro na yagawa. Abin da ya kamata ki sani shi ne a ina lissafin naki yake zaune. Manhajojin iri biyu ne. Akwai wadda ke ajiye komai a cikin wayar kanta, ita tana aiki ko ba data ko ba sabis, amma in wayar ta tafi shikenan sun tafi tare, sai in kin kunna mata ajiyar kwafi a wani wuri irin Google Drive. Akwai kuma wadda ke ajiyewa a kwamfutocin kamfanin ta intanet, ita ko an sace waya kina sayen wata ki shiga da imel da kalmar sirri komai zai dawo, illarta wasu ba sa motsi in ba sabis, mai aiki a sabon gini bayan gari ya san wannan takaicin. Gwajin ba wuya, ki ari wayar wani a gida ki sauke manhajar ki shiga da bayananki, in kin ga lissafinki to yana intanet, in kin ga wayam to a wayarki kaɗai yake, yau ɗin nan ki nemi wurin ajiyar kwafi. Kar ki manta ki fita daga asusun a wayar aron.

Amma akwai haɗarin da ya fi faɗawa ruwa, wanda mutane ba sa kawowa a rai, shi ne kamfanin da kansa ya rufe ko ya tattara ya bar ƙasarku. Kuma ba ƙananan kamfanoni kaɗai ba. Intuit, kamfanin Amurka mai manhajar lissafi ta QuickBooks, wanda yana cikin manya a wannan harka tun shekarun 1990, ya janye QuickBooks daga Indiya a 2023, masu amfani da ita can dole suka kwashe bayanansu suka nemi wata. Shi dai wannan kamfanin ya rufe Mint a 2024, manhajar lissafin kuɗin gida da miliyoyin mutane suka yi shekaru suna amfani da ita. Su waɗannan sun ba da sanarwa da wa'adi, ƙaramar manhajar da mutum biyu suka haɗa kuwa wata rana kawai za ki ga ta daina buɗewa. Saboda haka tambayar farko da nake yi wa kowace manhaja, kafin kyau, kafin araha, ita ce, za ta bar ni in fitar da lissafina? Ki duba ko akwai wurin fitarwa zuwa fayil irin na Excel ko CSV ko aƙalla PDF. In akwai, duk ƙarshen wata ki fitar ki tura wa kanki a imel, jerin masu bashi kuma ki buga shi a takarda ki sa a durowa. In babu, ko an ce sai kin biya kafin ki fitar da abin da ke kika shigar da hannunki, ki fara shirin ƙaura tun lissafin bai ƙara yawa ba.

Maganar sirri kuwa, gaskiya wadda ke ajiya a intanet bayananki na hannunsu, kamfanonin kirki suna rufe su da tsaro kuma suna rubuta abin da suke yi da su. Ta kyauta sai ki tambayi kanki da me suke cin abinci. Wasu talla, wasu suna jan ki ne ki saba sannan ki koma ta biya, wasu suna cire kaso in an biya ki ta cikinsu, wasu kuma lissafin naki suke dubawa su tallata miki rance. Ba duka ne sharri ba amma gara ki sani. Ki leƙa izinin da ta nema a wayar, kyamara dai da hujja saboda rasit, lambobin waya ma wataƙila don tura wa kwastoma takarda, amma manhajar lissafi da ke neman karanta duk saƙonninki ko sanin inda kike dare da rana, ki hana ta ki ga ko za ta yi aiki a haka. Ki sa wa wayar makulli, ki kunna tabbaci mai mataki biyu in akwai, kuma lambar sirrin katin banki ko lambar nan da banki ke turowa ta saƙo, babu manhajar lissafin da ke buƙatar wani ya kira ki ya karɓa.

TAMBAYA: Malam in ina da manhaja shikenan na huta da akanta da maganar haraji ko? Kuma wacce ce ta fi kyau a cikinsu, ka faɗa mana suna kawai. Daga Injiniya B.

AMSA: Injiniya ba ka huta ba, ka dai rage masa aiki, shi kuma ya kamata ya rage maka kuɗi tunda ba leda za ka kai masa ba. Manhaja tana tarawa tana haɗawa, amma ba ta san dokar harajin inda kake ba sai in don ƙasar aka gina ta, kuma ko an gina ta don can, in ka sa sayen injin haƙa a layin man mota haka za ta karɓa ba musu. Abin da za a cire daga riba kafin haraji, yadda ake lissafin babban injin da zai yi shekaru yana aiki, kuɗin da kamfani ya cire maka tun daga tushe kafin ya biya ka, da ko za a lissafa kuɗi ranar da ya shigo hannu ne ko ranar da ka tura takardar neman biya, duk waɗannan hukunci ne na wanda ya san doka, kuma kowace ƙasa da nata. Ko tsawon lokacin ajiye takardu ya bambanta, a Amurka yawanci shekara 3 ake cewa, a Birtaniya mai aikin kansa sai ya ajiye aƙalla shekara 5 bayan wa'adin miƙa takardun harajin shekarar. Wata ƙasar ma zaɓin ya fara fita daga hannun mutum, Birtaniya tun 2019 ta fara wajabta wa masu harajin VAT ajiye lissafi da turawa ta manhaja, kuma ta tsara daga Afrilun 2026 abin ya hau kan masu aikin kansu da cinikinsu ya haura fam 50,000 a shekara. To ka fara tambayar abin da hukumar harajinku ke karɓa. In cinikinka ya fara girma, zama ɗaya ko biyu a shekara da akanta ya wadatar, kuma ka tambaye shi wacce ya iya aiki da ita kafin ka zaɓa.

Suna kuwa ba zan ce ga gwarzo ba, don abin da ya yi wa mai ma'aikata goma daidai kaya ne a kan mai aiki shi kaɗai. Sanannun dai su ne QuickBooks, da Xero ta ƙasar Niyu Zilan da aka kafa a 2006, da Sage ta Ingila, da FreshBooks da Wave na Kanada, da Zoho Books ta Indiya. Xero da QuickBooks da Sage cikakken lissafi ne irin wanda akantoci ke so, FreshBooks ta fi karkata ga masu aikin kansu da takardun neman biya, Wave kuma hankalinta na kan Amurka da Kanada. Sai 'yan ƙanana irin Khatabook da OkCredit na Indiya, su littafin bashi ne kawai aka mayar waya, wane ya karɓa wane ya biya. Abin da manyan ke tinƙaho da shi shi ne haɗuwa da asusun banki, duk abin da ya shiga ko ya fita ya faɗo da kansa, to ka tabbatar bankinka na cikin waɗanda suke haɗuwa da su, in ba ya ciki, ko kuma rabin harkarka da tsabar kuɗi ake yi, ka biya kuɗin abin da ba za ka mora ba kenan. Ka duba kuma da wane kuɗi ake biyan na watan, in na wata ƙasa ne to duk lokacin da canji ya motsa naka ya motsa. Galibinsu suna ba da gwaji kyauta na wasu makonni, ka gwada da aiki na gaske guda ɗaya daga ƙiyasi har ciko, kuma in sun karɓi lambar katinka ka sa ƙararrawar ranar da gwajin zai ƙare, in ba haka ba sai dai ka ji alat.

TAMBAYA: Yaro, shekarata 31 ina aikin kafinta da rufin gida, da littafi da biro na aurar da 'ya'ya na gina gida. Yanzu ɗana ya ce in ban koma waya ba an bar ni a baya. Haka ne? Daga Baba M.

AMSA: Ranka ya daɗe Baba, ba a bar ka a baya ba. Tsarin da manyan manhajojin nan ke bi a ƙarƙashi, na rubuta kowane kuɗi ta fuska biyu, inda ya fito da inda ya shiga, wani malamin lissafi ɗan Italiya mai suna Luca Pacioli ya buga bayaninsa a birnin Banis tun 1494, kuma shi ma a wajen 'yan kasuwa ya tarar ana yi, da alƙalami da takarda. Mai shekara 31 yana rubutu kullum ya riga ya mallaki abin da masu tambayar farko ke nema. In aikinka uku ne ko huɗu a wata, masu ba ka aiki sun san ka, kuma ba wanda ke neman takarda bugaggiya a wurinka, ci gaba da littafinka.

Sai dai yaron ma kar a watsa masa ƙasa a ido, a ba shi aiki. Duk ranar da ka rufe lissafin sati ya ɗauki hoton shafukan da wayarsa ya adana a intanet, rasit ma haka tun suna sabbi. Ranar da wani kamfani ko ofis ya ce sai da takardar neman biya bugaggiya, shi ya fitar maka a waya, kai ka duba adadin ka ce ya tura. In yana da ƙwazo ma ya buɗe Google Sheets, manhajar jadawali ce ta kyauta, ya yi layi biyar, kwanan wata, sunan aiki, bayani, shiga, fita, yana kwafe abin da ka rubuta, ƙarshen wata ku zauna ku ga ko jimillarsa ta yi daidai da taka. Inaga za ka kama shi da kuskure kafin shi ya kama ka.

Masu tambaya a kan yadda ake yanka wa aiki kuɗi da yadda ake bin bashi ba tare da an ɓata ba, saƙonninku sun iso, su za mu ɗauka a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.